Kafin a Sake Raba Keken Ɗinki, a Leƙa Wajen Masu Allura

Da zarar zaɓe ya ƙarato, ko matar wani babba ta so a ji sunanta a rediyo, kowa ya san abin da zai biyo baya. Za a jera kekunan ɗinki a harabar sakatariyar ƙaramar hukuma, a tara mata a rumfa tun hantsi, babban baƙo ya iso bayan la'asar, a ɗauki hoto, a ce an tallafa wa mata da sana'a. Bayan mako biyu wasu daga cikin kekunan suna kasuwa, an sayar da su ƙasa da kuɗinsu, domin wadda aka ba ba ta taɓa cewa tana son zama tela ba, kuma a gidanta babu abin da za a ɗora a wuta. Ba na ƙin a ba mutum keke. Abin da ke damuna shi ne, a cikin garin nan da ake wannan biki, akwai matan da suka riga suka iya sana'a, suka haɗa kansu, suke da tsarin kuɗinsu, kuma ba a taɓa aika ko masinja ya tambaye su me suke buƙata ba.

Ina nufin masu ɗinkin hannu. A Zariya, Kano, Katsina, Maiduguri, Gumel, har Damagaram da Maraɗi, da wuya ka ratsa tsohuwar unguwa ba ka samu gida ɗaya da mata ke taruwa a cikinsa da allura ba. Yawanci gidan wata dattijuwa ce da ake ganin girmanta. Idan an sallami yara zuwa makaranta, an share gida, an wanke kwanuka, sai a shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa da ledarta ko gwangwanin alawa cike da zare. Wannan hula take ɗinkawa, waccan aljihun babbar riga ne a cinyarta, wata zanin gado da rigar matashi take yi wa fure don kayan ɗakin ƙanwarta, wata kuma kwarashi da ulu ne a hannunta tana saƙa wa jariri hula da safa. Rediyo na gefe yana ta magana ba mai saurarensa sosai. Babu allo a ƙofar gida, babu takardar rajista, amma akwai uwar adashi, akwai ranar zubi, akwai wadda aka san ita ce ke iya gyara ɗinkin da ya karkace. Idan ɗaya ta haihu, sauran ne za su haɗa mata gudunmawa. Idan mijin wata ya rasu, su ne za su ƙarasa mata hular da ta karɓi kuɗin zarenta, don kada mai kaya ya zo yana ɗaga murya a gidan makoki.

Ra'ayina shi ne, wannan zama na tsakar gida ya fi yawancin cibiyoyin koyar da sana'a da aka gina da kuɗin gwamnati amfani, kuma duk mai son taimakon mata da gaske ta nan ya kamata ya fara.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, ɗinkin riga a da aikin maza ne, kuma ba kowane namiji ba. Malamai da almajiransu ne suka fi riƙe shi, domin aiki ne da ake yi a zaune a zaure, ana yi ana biya karatu, kuma hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo shi ya fi iya zana riga. A zamanin Daular Sakkwato riga ba sutura ce kawai ba. Da ita sarki ke yi wa mutum kyauta, da ita ake naɗi, da ita ake gane matsayin baƙo tun kafin ya buɗe baki. Ana ɗinka saƙi ko farin ƙyalle da zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa da ke zama a jikin itatuwa irin su tsamiya, a dafa shi da toka, a kaɗa. Alharini kuwa, jan silikin nan, ta Sahara yake zuwa daga wajen Tarabulus. Zanen ma kowane da sunansa: aska biyu, aska takwas da ke saukowa daga aljihu a ɓangaren hagu, tambari da ke zagaye a ƙirjin dama da baya, dagi, malum-malum mai cika riga da aiki har ta yi nauyi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, tufafi na cikin abubuwan da suka ja hankalinsa. Ya ƙiyasta cewa abin da Kano ke fitarwa na tufafi a shekara bai gaza wuri miliyan 300 ba, kuma kayan suna kaiwa har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus.

A wancan tsari rabon mata kaɗi ne. Su ke gurzar auduga, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saya. Da zaren masaƙar zamani ya cika kasuwa, musamman bayan an buɗe masaƙar Kaduna a 1957 aka kuma yi ta buɗe wasu a Kaduna da Kano, sai kaɗi ya daina ciyar da mai yinsa. Mata ba su zauna haka nan ba. Suka koma ɗinkin hula da zanin gado, daga baya a birnin Zariya suka shiga har ɗinkin babbar riga, yayin da maza da yawa suka koma aikin albashi ko keken surfani mai saurin kawo kuɗi. Babu hukumar da ta tsara wannan sauyi. Wata ta koya a hannun mahaifinta ko mijinta, ta koya wa kishiyarta, kishiya ta koya wa maƙwabciya. Masaƙun da suka kashe kaɗin su ma sun durƙushe, Kaduna Textiles a 2002, wata babbar masaƙar Kaduna mai suna UNTL kuma ta rufe a 2007 ta bar dubban magidanta ba aiki, amma allurar matan na nan tana tafiya. A gidaje da dama a shekarun nan, kuɗin hula ne ya sayi cefane.

To, ina matsalar take? Ba a rashin iya aiki take ba, kuma shi ya sa nake ganin horon wata uku da ake ta maimaitawa ya kauce hanya. Tun daga shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987, zuwa shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha, zuwa cibiyoyin mata da kusan kowace ƙaramar hukuma ke da su, tunanin ɗaya ne: mace ba ta iya komai ba, a koya mata. Matar da za ta iya cika hula da ɗinki ƙanana, layi bayan layi, ba tare da ta kuskure launi ba, ba darasi take nema ba. Matsalarta tana tsakanin hannunta da kan mai sanya hular.

Bi hula ɗaya ka gani. Ɗan kasuwa ko wakilinsa ya sayi ƙyalle da zare. Mai zane ya zana. A kai wa mai ɗinki, sau da yawa ta hannun dillaliya ko wani yaro, domin ita ba ta fita kasuwa. Ta ɗauki makonni a kai, idan aikin mai cika ne ma ya haura wata. Daga nan a haɗa kai da jiki, a kai wa mai wankin hula ya wanke, ya sa mata sitati, ya kafa ta a jikin itacen da aka sassaƙa ta bushe ta tsaya. Sannan ta isa shago ko shafin Instagram, inda wani zai saye ta da kuɗin da mai ɗinkin ba za ta taɓa jin labarinsa ba. A cikin duk mutanen nan, ita ce ta fi kowa daɗewa da hular a hannu, ita ce kuma ladanta ya fi ƙanƙanta idan aka raba shi bisa kwanakin da ta yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ko ɗan abin da aka yanka mata ba lallai ya zo a kan kari ba. "Hajiya, ki ƙara haƙuri, kasuwa ba ta tafiya," shi ne abin da take ji, ba ta da hanyar sanin ko gaskiya ne.

Ba zan zagi dillalai ba. Dillaliya ita ma mace ce mai neman abinci, tana yawo a rana gida-gida, wani lokaci ita ke cin asara idan kaya ya lalace. In babu ita, aikin ba zai fita daga ɗaki ba. Amma duk cinikin da mutum ɗaya ne ya san farashi, ɗayan kuma yana cikin gida shi kaɗai, an san inda zai karkata. A nan ne taron masu ɗinki ke nuna amfaninsa fiye da ko'ina. Idan mata goma suna zaune a tabarma ɗaya, ba zai yiwu a biya wannan kaza a biya waccan rabinsa a kan aiki iri ɗaya ba, domin kafin azahar magana ta fito. Idan wani mai ba da aiki ya saba riƙe kuɗi, duk unguwar za ta sani, ya dawo ya tarar babu mai karɓar ƙyallensa. Suna iya haɗa kuɗi su aika Kantin Kwari a saro musu zare da yawa maimakon kowa ta sayi ƙulli ɗaya a shagon bakin layi da tsada. Wannan batu na zare ba ƙarami ba ne, domin mafi yawansa daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 kuɗinsa ya yi sama, ladan ɗinki kuwa yana tafe a hankali kamar ba ya son zuwa. Kuma idan ɗaya daga cikinsu tana da 'ya mai babbar waya, an samu hanyar tallata kaya ta WhatsApp ba tare da kowa ta taka ƙofar gida ba.

An ga inda hakan ya yi aiki. A birnin Zariya akwai ƙungiyar mata masu ɗinkin hannu da ke ɗauke da sunan Sarauniya Amina, wadda aka kafa a 1994. Zanen da aka gada na babbar riga suka ɗauka suka ɗora a kan rigunan mata, jakunkuna da rigunan matashi, har kayansu suka kai kasuwar baje kolin aikin hannu ta duniya da ake yi a Santa Fe ta Amurka. Ba wai kowace ƙungiya za ta kai Amurka ba, kuma ba na son a mayar da ɗinkinmu abin da sai Bature ya yaba zai yi daraja. Darasin da ke ciki shi ne, matan ba su canza allura ba, ba su canza zama ba. Abin da ya canza shi ne sun san mai saye, mai saye ya san su.

Misali na biyu ya fi ɗaci. Lokacin da Boko Haram ta kama Bama a watan Satumba na 2014, mutanen garin suka kwararo Maiduguri, da yawa ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu. Bama kuwa an san ta da hula. A sansanoni irin su Dalori, mata da maza da matasa suka koma ɗinkin hular da suka iya tun suna gida, suna zama rukuni-rukuni a inuwar tanti. Manomi ya rasa gonarsa, mai shago ya rasa shagonsa, amma mai ɗinki allura da zare kawai take nema ta ci gaba. Kuma duk wanda ya taɓa zama da wanda ya ga tashin hankali ya san cewa zama cikin mutane, hannu yana aiki, baki yana ɗan taɓa hira, yana rage wani abu da kwalin taliya ba ya ragewa. Yau hular da ake kira Zanna Bukar, wadda ake danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima, ministan Jamhuriya ta Farko daga Borno, tana kan gwamnoni da sanatoci da angwaye. Nawa ne daga cikinsu suka taɓa tambayar hannun da ya ɗinka ta?

Akwai masu cewa duk wannan kukan baya ne, injin kwamfuta ya zo, cikin sa'o'i kaɗan zai zuba wa shadda aikin da hannu zai yi wata yana yi. Gaskiya ne, kuma ban ga laifin injin ba. Shi ya sa ɗan makaranta da ɗan acaɓa ma suke iya sa riga mai aiki ranar Sallah, abin da a da sai mai hali. Amma kasuwar aikin hannu ba ta mutu ba, kuma shaida ita ce yadda 'yan kasuwa ke rantsuwa cewa kayansu aikin hannu ne don su ƙara kuɗi. In da ba shi da daraja, da ba a yi ƙarya da sunansa ba. Abin da ke kashe mai ɗinki shi ne a sayar da na inji da sunan nata, ko a sayar da nata da tsada a biya ta kamar inji ce. Ƙungiya tana iya sa wa kayanta alama, ko da ɗan ƙyalle ne a cikin hula mai sunan unguwa. Mace ɗaya a ɗakinta ba za ta iya ba.

Sai kuma ƙorafin cikin gida. Wasu mazaje ba sa son wannan taro, suna cewa majalisar gulma ce. To, a majalisar maza ta bakin titi fa, tafsiri ake yi? Bambancin dai shi ne matan suna tashi da rabin hula a hannu. Amma akwai ƙorafe-ƙorafe biyu da ba zan yi wa dariya ba. Na farko, yarinya. A gidaje da yawa ana zaunar da 'yan mata ɗinkin hula don tara kuɗin kayan ɗaki, har ya zama makaranta ce ke bin bayan hula. Na yarda ya fi talla a tasha nesa ba kusa ba, amma yarinyar da ba ta iya lissafi da karatu ba, ita ce gobe za a cuta a kan farashi kamar yadda aka cuci uwarta. Ƙungiya mai hankali ita ce za ta ce wa 'yar mutane, "Je ki dawo, allura ba ta gudu." Na biyu, da zarar aka ji gwamnati za ta bi ta ƙungiyoyi, cikin dare ɗaya za a haifi ƙungiyoyi ɗari, kowace da shugaba matar kansila, babu wadda ta taɓa zura zare a allura a cikinsu. Mun ga haka a harkar taki da bashin noma. Maganinsa mai sauƙi ne ga mai son gaskiya: kada a nemi takarda, a je gidan. A ga tabarmar, a ga aikin da ke hannu, a tambayi mai unguwa tun yaushe ake taruwa a nan. Kuma kada a tilasta musu kwamiti mai muƙamai goma sha biyu da kundin tsarin mulki, domin sau da yawa ranar da aka naɗa ma'aji da sakatariya aka sa kuɗin waje a tsakiya, ranar zumuncin ke fara tsami. Abin da ya riƙe su shekaru shi ne kowa ta san kowa, kuma kuɗin da ke yawo nasu ne.

In da ni ke riƙe da kasafin tallafin mata na wata ƙaramar hukuma, da kuɗin keke ɗaya zan fara sayen tabarau. Wannan shi ne abin da ban taɓa jin an ambata a wajen bikin rabon kaya ba, alhali rashinsa ne ke raba ƙwararru da sana'arsu. Daga wajen shekara 40 idon ɗan Adam yakan fara kasa ganin abu na kusa, ba cuta ba ce, girma ne. Mai ɗinki ta kai lokacin da hannunta ya nuna, ta san kowane zane, sai ta fara miƙa wa jika allura ya zura mata zare, daga nan ta fara kuskure, daga nan ta ajiye. Gilashin karatu mai araha, bayan ɗan gwajin ido da ma'aikacin lafiya zai iya yi a zaure, yana iya mayar mata da shekaru na aiki. Haka fitila mai aiki da hasken rana, domin da yawa sai dare suke samun sukuni, kuma da tocilan waya suke ɗinki idan an ɗauke wuta. Wanda ya ba da waɗannan ba zai samu hoto mai kyau kamar na jerin kekuna ba, wannan kam na sani.

Bayan haka sai saye. Gwamnatocin jihohi da masarautu ba sa rabuwa da kyautar riga da hula ga baƙi, ga naɗin sarauta, ga hawan Sallah. Ana kashe kuɗin nan ko an so ko ba a so. Me zai hana a ba ƙungiyoyin unguwa aikin kai tsaye, a biya rabi tun farko, maimakon ɗan kwangila ya ba wani, wani ya ba wani, har abin da zai isa tabarma ya zama ɓarɓashi? Akwai kuma batun adana zane. Tsofaffin masu zana riga suna ƙarewa, kuma kowane ya tafi yana tafiya da abin da ke kansa. Wani malami ɗan Birtaniya, David Heathcote, ya yi dogon bincike a kan ɗinkin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, kuma gidajen tarihi na Turai suna riƙe da tsofaffin rigunanmu, amma da wuya matar da ke ɗinka aska takwas a Zariya ta taɓa ganin hoton ko ɗaya. Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna da sashen zane na jami'ar suna iya buga waɗannan zane-zane a kai wa ƙungiyoyin, su kuma a ɗauki abin da ke hannunsu a ajiye. Aikin ɗalibai kaɗan ne a hutu ɗaya.

Mu masu sanya hula ma muna da namu kason. Mutum zai biya kuɗin shadda nan take ba tare da ya ce uffan ba, domin mai shago ba ya ba da bashi, amma idan aka zo kan ladan ɗinki sai ya tuna yana da ciniki a baki. Ya taya, ya rage, ya karɓi kaya, ya ce sai ƙarshen wata. Ya fi yin haka ma idan mai ɗinkin 'yar uwa ce, "Haba Yaya, ni ma sai kin yanka mini kuɗi?" Sannan ga ɗabi'ar kawo aiki a goman ƙarshe na azumi, a ce ana so kafin Sallah, mace tana azumi, tana girkin buɗa-baki, tana sahur, a kuma ɗora mata hular da ke buƙatar wata guda. Wasu ƙungiyoyin sun fara ƙin karɓar irin wannan aiki sai da ƙarin kuɗi, kuma ina goyon bayansu. Mai son hular Sallah ya kai ƙyallensa tun Rajab, ya ajiye kuɗin zare da rabin lada a ranar, sauran kuma ranar da ya zo karɓa.